Ilimin Motsin Jiki a Wasanni

Ilimin motsin jiki a wasanni reshe ne na kimiyya da ke nazarin yadda ƙashi, tsoka da gaɓoɓi ke aiki yayin gudu, tsalle ko jifa, bisa dokokin motsi na Isaac Newton. Ana danganta asalinsa ga masanin Italiya, Giovanni Borelli, wanda littafinsa kan motsin dabbobi ya fito a 1680.

A jami'o'i, ɗalibai kan fara da sanin sassan jiki, sannan su koyi auna motsi da kyamara mai saurin ɗauka da faranti mai auna ƙarfin takun ƙafa. Akan kawo misali da ɗan wasan tsallen sama Dick Fosbury, wanda ya lashe zinare a gasar Olamfik ta 1968 ta hanyar tsallake sanda da baya. Ilimin na taimaka wa masu horarwa wajen inganta ƙwazon 'yan wasa da rage raunuka.