Layin Allura a Ƙasar Showak

Showak gari ne a bakin kogin Atbara, cikin ƙasar Gadarif ta Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903 Hausawa da yawa suka nufi gabas, waɗansunmu suka zauna wannan yanki. Can akwai ciwon saifa mai kisa, ana kiransa kala-azar. A dā maganinsa allura ce kullum, har kwana 30. Ku lissafa: in mutum 10 suka fara kowace safiya, kafin wata ya ƙare 300 ne a layi, dawa kuwa tana jiran girbi. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a haɗa allura biyu, kwana 17. Layin 300 ya koma 170. Nan muka gane, wanda aka sallama da wuri ya ba ɗan'uwansa gado.