Haƙar Tsakuwa da Kiwon Kifi: Nazari kan Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa a Kudancin Kano

Sana'o'i biyu na ƙara bunƙasa a kudancin Jihar Kano: haƙar tsakuwa da yashi da burji don gine-gine da hanyoyi, da kuma kiwon kifi, musamman tarwaɗa. A ido babu abin da ya haɗa ɗan tifa da mai kiwon kifi. Amma wannan nazari zai nuna cewa ma'ajiyar ruwa guda suke taɓawa, ɗaya yana rage mata girma, ɗaya yana ɗiba daga cikinta yana mayar mata da gurɓataccen ruwa.

Yanayin ƙasar

Daga Yako da Kiru da Bebeji har zuwa Tudun Wada da Doguwa, ƙasar tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi. Wannan ya bambanta da ƙasar Haɗeja da Gumel, inda rairayi mai kauri na kwarin tafkin Chadi ke riƙe ruwa mai yawa. A nan kudu, wurare uku kawai ruwa ke samun maɓoya: ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, wanda kaurinsa a wurare da dama bai wuce mita 30 ba, tsagogin da ke jikin dutsen, da yashin da ke kwance a gulabe da fadamu. Shi ya sa ake haƙa rijiyar burtsatse a dace, a matsa gaba kaɗan a haƙa wata ta fito a bushe. Ruwan sama a yankin yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, amma cikin watanni biyar yake zuba. Abin da ƙasa ta sha a lokacin, shi za a lallaɓa har wata damina.

Abin da haƙa ke yi

Duk wanda ya bi rafi a watan Maris ya san yadda ake yi: sama a bushe ƙayau, amma in an tona yashi kamu biyu ko uku, sai ruwa ya tsattsafo, a jira ya kwanta a ɗiba da ƙwarya. Ruwan nan shi makiyayi ke shayar da shanu, shi kuma 'yan noman rani ke zuƙa da ƙananan rijiyoyin bututu irin waɗanda hukumar raya noma da karkara ta jiha, KNARDA, ta yaɗa a fadamun Kano tun shekarun 1980. Idan aka kwashe yashin, cikin rafin yakan yi zurfi, ruwan da ke ƙarƙashin gonakin gefe ya gangaro ya bi shi, rijiyoyin kusa su ja da baya tun kafin bazara.

A ƙasan madatsar Tiga lamarin ya fi muni. Tun da aka kammala ta a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yashin da Kogin Kano ke ɗaukowa daga wajen dajin Falgore a cikin tafkin yake kwantawa. Abin da aka haƙe a ƙasan madatsar ba ya samun mayewa yadda yake samu a da.

A kan tudu kuwa, ramukan burji irin waɗanda ake gani a gefen hanyar Kano zuwa Zariya suna cire murfin ƙasar da ke tace ruwa. Gaskiya ne suna tara ruwan damina, wani ma ya nutse ya ƙari rijiyoyi. Amma in ramin ya kai ga idon ruwa, to an buɗe shi ga rana da iska, a ƙasar da tururin da ke tashi daga buɗaɗɗen ruwa a shekara ya zarce ruwan saman da ake samu.

Abin da kiwon kifi ke yi

Kifi ba baƙo ba ne a yankin, domin masunta sun daɗe a tafkunan Tiga da Bagauda. Sabon abu shi ne kiwo a tankin siminti ko na tamfol a bayan gida, da ruwan burtsatse. Tarwaɗa da aka cunkusa tana bukatar a canza mata ruwa a kai a kai, kuma zuƙar ta fi yawa a lokacin zafi, daidai lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa. Sannan daga sinadarin naitirojin da ke cikin abincin kifi, kusan kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka ne ke zama nama. Ragowar tana fita cikin ruwan nan kore mai ƙarni da ake saki a kwata. In ruwan ya nutse, sinadarin yakan rikiɗe ya zama naitiret, wanda ba shi da launi ko wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 a kowace lita ta ruwan sha, saboda yawansa yana hana jinin jarirai ɗaukar iskar numfashi.

Babban haɗari shi ne inda sana'o'in suka haɗu, wato a mayar da tsohon ramin burji wurin kiwon kifi. Dabara ce mai arha, amma abinci da kashin kifi suna zuba ne kai tsaye cikin ruwan da rijiyar maƙwabta ke sha, ba tare da wata ƙasa a tsakani da za ta tace su ba.

Doka da mafita

Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa izinin haƙa a hannun gwamnatin tarayya, dokar 1992 kuma ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka kan muhalli. Sai dai ƙananan ramuka da tankunan gida, waɗanda tarinsu ke yin illar, kowanne ya yi ƙanƙanta a kama shi shi kaɗai.

Don haka gyaran daga ƙasa zai faro. Kowace mazaɓa ta ware rijiyoyi kaɗan a riƙa auna zurfin ruwansu da igiya duk wata, ana rubutawa, sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero ko hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are su tattara. Dagatai da ƙungiyoyin 'yan tifa su shata iyakar zurfi da tazara daga rijiyoyi da gadoji. Ramin da ya kai ga idon ruwa kada a zuba masa abincin kifi. Ruwan tanki kuma a juya shi lambu, domin abin da ke cutar da rijiya taki ne ga tumatir da masara. Rigakafi ya fi magani, musamman a nan, domin gurɓataccen ruwan ƙasa yakan ɗauki shekaru kafin ya washe, kuma ba kowane ƙauye ne ke da wani ruwan da zai koma wa ba.