Gishiri a Akwatin Kifin Ado: Yadda Magani Ya Koma Al'ada

Yau za mu bi sawun wata tsohuwar shawara da masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi ke gadar wa juna: a riƙa zuba gishiri a ruwan kifi kullum, ko kifin lafiyarsa ƙalau. Daga ina ta samo asali?

A shekarar 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun dajin Landan. Shekara guda bayan haka Philip Henry Gosse ya fitar da littafinsa a kan wannan kiwo, sai sha'awar ta bazu a gidajen Ingila. Sai dai kifaye sun yi ta mutuwa, masu su ba su san dalili ba. Cutar fararen ɗigo, wadda Fouquet ya bayyana ƙwayarta a 1876, tana cikin masu yin ɓarna. Gishiri kuwa ga araha, ga shi a kowane madafi, kuma yana karya lagon wasu ƙwayoyin da ke manne wa fatar kifi. Wanda ya zuba ya ga sauƙi, sai ya gaya wa maƙwabci.

Bayanin ya zo daga baya. A 1890 Sergei Winogradsky ya ware bakteriyar da ke sarrafa amoniya. Daga irin wannan bincike aka gane cewa kashin kifi yana zama amoniya, amoniya ta koma naitirayit, guba mai hana jini ɗaukar iska. Kulorayid ɗin da ke cikin gishiri yana tare wa gubar hanyar shiga jini. Shi ya sa masu kiwon tarwaɗa a kudancin Amurka ke zuba gishiri a tafkunansu. Wato a sabon akwati, kafin bakteriya masu amfani su zauna, gishiri yana rufa wa gurɓataccen ruwa asiri ne kawai.

A 1937 August Krogh na ƙasar Denmak ya nuna cewa kifin ruwan daɗi da kansa yake tsotso ɗan gishirin da yake buƙata daga ruwa. Ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 a kowace lita, na kogi kuwa bai kai giram 1 ba, kuma a haka jikin kifin ya saba.

Da matatun ruwa suka wadatu, dalilin zuba gishiri kullum ya ragu ƙwarai, amma al'adar ta zauna daram. Illarta kuma a ɓoye take. Ruwa yana ƙafewa, gishiri ba ya bin sa. Mai ciko ruwa yana ƙara gishiri, mako bayan mako, yana tara shi ne bai sani ba. Tsirran akwati su fara ruɓewa, kifayen kogin Amazon irin su tetra da koridoras su jigata, shi kuma ya ɗauka cuta ce, ya ƙara wani cokalin.

Masu kiwon tarwaɗa a nan gida suna yi wa kifi wankan ruwan gishiri na ɗan lokaci idan ya ji rauni ko bayan jigila, sannan su mayar da shi ruwansa. A ganinmu wannan ya fi kusa da asalin hikimar: a ba da magani lokacin ciwo, a janye shi idan an warke.

Sai mun ji ra'ayoyinku.