Ƙwaron Ƙaya: Ire-irensa, Kamanninsa da Yadda Yake Rayuwa

Ba duk ƙayar da ke jikin reshe ba ce ƙaya. Wata idan aka kai mata hannu sai ta yi tsalle ta ɓace. Wannan shi ne ƙwaron da masana ke kiran danginsa Membracidae, ɗan uwan kuɗin cizo na nesa, mai baki kamar allura da yake tsotsar ruwan itace da shi.

An gano fiye da nau'i 3,000 na dangin. Suna kowace nahiya in ban da Antatika, amma sun fi yawa a dazuzzukan Kudancin Amurka. A Afirka da Indiya akwai jinsin Oxyrhachis, da ke zama a kan bagaruwa da danginta.

Yadda ake gane shi

Yawancinsu ba sa kai santimita 2. Babbar alamarsu ita ce kwalkwalin da ya taso daga bayan kai ya rufe gadon baya. A jikin wasu kamar ƙaya yake, a wasu kamar ƙaho ko busasshen ganye. Bocydium globulare na Brazil kuwa wasu ƙwallaye yake ɗauke da su a ka. Wannan siffa kan ɓatar da tsuntsaye, ta kuma sa haɗiye shi ya yi wuya.

Daga ƙwai zuwa girma

Macen kan tsaga ɓawon reshe ta jera ƙwayayenta a ciki. 'Ya'yan ba sa bi ta matakin tsutsa irin na malam-buɗe-littafi; sukan yi saɓa sau 5 kafin fiffike ya fito. A nau'in Umbonia crassicornis, uwa kan tsare 'ya'yanta. Idan maƙiyi ya matso, sai su aika mata saƙo ta hanyar girgiza reshe, ta zo ta kore shi. Wasu kuma tururuwa ke gadinsu, ladanta darɓar da suke fitarwa.

Abin da ya shafi manomi

Mafi yawansu ba sa yin ɓarnar a zo a gani. Sai dai tsagar ƙwai kan raunana ƙananan rassa, kuma a 2016 masu bincike a Kalifoniya sun nuna cewa Spissistilus festinus na yaɗa wata cuta mai jajayen tabo a ganyen inabi. Saboda haka tantance nau'i ya kamata ya riga feshi, domin maganin da aka watsa a kan ƙwaro marar laifi asarar kuɗi ce, kuma yakan haɗa da ƙudan zuma.