An Gudu Ba a Tsira Ba: Hausawan Jazira da Audugar Ingila

Jazira kalmar Larabci ce mai ma'anar tsibiri. Da ita ake kiran shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu a Sudan, inda wasu ƙauyukan Hausawa suke. Tarihin zaman Hausawa a wannan tsibiri yana ɗaure da auduga.

Masaƙun Ingila sun daɗe suna dogaro da audugar Amurka. Da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya katse ta, sai masaƙun suka tsaya, ma'aikata suka shiga yunwa. Tun daga nan Ingila ta ƙudurta samun gonakin da ke hannunta. Bayan ta murƙushe daular Mahadi a Omdurman a 1898, idonta ya faɗa kan Jazira.

A yamma kuwa, Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa suka riƙa yada zango a yankin, da yawansu ba su tashi ba.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sennar, aka buɗe gandun Jazira. Gwamnati ta ba da ruwa, kamfanin Turawa ya riƙe ragama, manomin da aka yanka wa gona ya sami kashi 40 cikin ɗari na ribar audugar. Amma shema da tsinka sun fi ƙarfin iyalinsa, don haka aka nemi 'yan ƙodago. Hausawa da Fulani da Barebari suna cikin waɗanda suka cike wannan gurbi.

Ta haka mutanen da suka bar gida don gudun mulkin Nasara suka wayi gari suna tsinkar audugar da ke ciyar da masaƙunsa. Akasarinsu ba su sami gona ba, sai bukkoki a gefen magudanan ruwa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 kuma ta sa 1897 ta zama ma'auni, wanda ya bar waɗanda suka iso bayan Burmi a matsayin baƙi. Sudan ta sami 'yanci a 1956, amma har yau jikokinsu da dama suna neman a ba su mallakar filayen da suke zaune a kai.