Zare: Likitocin da sojan Amurka ya ƙi na shekara 49, yau shi ke biya musu kuɗin makaranta

1/ A Amurka yau ɗalibi zai samu gurbi a makarantun likitanci biyu, ya rasa wadda zai ɗauka, ga rundunar soja ta yarda ta biya masa kuɗin duk wadda ya zaɓa. Abin mamakin, irin likitocin da sojan ya ƙi ɗauka ne tun 1917 har 1966. Ya aka yi abin ya juye haka? Ku gyara zama. 🧵

2/ Da farko dai, likita iri biyu ne a Amurka. Akwai MD, akwai DO, wato likitan ostiyofati. Dukansu suna rubuta magani, suna tiyata, kuma lasisinsu cikakke ne a jihohi 50. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a can DO suke karantawa.

3/ Kar ku haɗa su da masu ostiyofati na Ingila fa. Su waɗancan ba likitocin asibiti ba ne, gyaran jiki da hannu kawai suke yi. Na Amurka daban ne, kuma tarihi ne ya bambanta su.

4/ Mai kafa abin shi ne Andrew Taylor Still, an haife shi a jihar Birjiniya a 1828. Mahaifinsa fasto ne mai taɓa aikin likita, a hannunsa ya koya. Still ya yi yaƙin basasar Amurka a ɓangaren Arewa. A 1864 sanƙarau ta shiga gidansa ta kashe masa yara uku.

5/ Ku tuna maganin wancan zamanin: a zubar wa marar lafiya jini, a ɗura masa magani mai zaiba, a ba shi ofiyom ko barasa. Sau da yawa maganin ya fi cutar illa. Still ya yanke ƙauna da shi. A 1874 ya fito da nasa ra'ayin: yawancin cututtuka daga gocewar ƙashi da gaɓoɓi suke, musamman ƙashin baya.

6/ In kun ji kamar mai ɗori ake nufi, ba ku yi nisa ba. Shi kansa ya taɓa tallata kansa a matsayin mai ɗori mai saurin walƙiya. Bambancin shi ne bai bar sana'ar a gidan gado ba. A 1892 ya buɗe makaranta a garin Kirksville na jihar Misuri, ya ɗauki maza da mata.

7/ Maganar gaskiya, kimiyya ba ta tabbatar da cewa gocewar ƙashi ce tushen yawancin cuta ba. Amma a lokacin da ake shayar da mutane zaiba, likitan da bai ba ka guba ba ya riga ya yi maka rabin alheri. Jama'a suka yi ta tururuwa Kirksville. A 1896 Vermont ta zama jiha ta farko da ta halatta aikinsu.

8/ A 1910 Abraham Flexner ya fitar da rahotonsa bayan ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada. Takwas na ostiyofati ne, kuma bai raga wa ko ɗaya ba. Daga nan suka shiga gyara a hankali: ƙarin shekarun karatu, ɗakunan gwaji, daga baya har da ilimin haɗa magunguna.

9/ To ga 1917. Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ana neman likitoci ido rufe. 'Yan DO suka miƙa kansu, shugabannin lafiya na soja suka ƙi, ƙungiyar likitocin MD, wato AMA, tana mara musu baya. Wanda ya tafi fagen fama a cikinsu ba da matsayin hafsan likita ya tafi ba. A shekarar ne ma Still ya rasu.

10/ Yaƙin Duniya na Biyu ma haka aka maimaita. Sai dai a nan ne reshe ya juye da mujiya. An kwashi dubban MD zuwa Turai da tekun Fasifik, an bar DO a gida. To marasa lafiyan da likitocinsu suka tafi yaƙi, wurin wa za su je?

11/ Wurin DO suka nufa. Kuma tunda asibitocin MD ba sa barin su kwantar da marasa lafiya, sai suka gina nasu asibitocin. Kafin a gama yaƙi sun zama likitocin iyalai masu ɗimbin yawa, musamman a ƙauyuka da ƙananan garuruwa. Ƙin da soja ya yi musu shi ya kafa su.

12/ A 1956 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta ba soja damar ɗaukar DO a matsayin hafsoshin likita. Dokar ta yi shekara goma a aljihun tebur, ba wanda ya taɓa ta.

13/ Ana cikin haka Kaliforniya ta kusa binne sana'ar. A 1962 kimanin DO 2,000 suka biya dala 65 kowanne aka sauya musu takarda zuwa MD, aka mayar da makarantarsu ta Los Angeles ta MD, aka daina ba sababbin DO lasisi a jihar. Sai 1974 kotun ƙolin jihar ta soke hanin.

14/ Amma abin ya ba 'yan DO hujja mai ƙarfi. In dala 65 ce kawai tsakanin DO da MD, to me ya hana soja ɗaukar su?

15/ Biyetnam ce ta amsa tambayar. Yaƙi ya yi zafi, likitoci sun yi ƙaranci. A 1966 sakataren tsaro Robert McNamara ya ba da umarnin a fara ɗaukar DO. Harry J. Walter ne na farko, a rundunar sojan sama. A 1973 Misisipi ta zama jiha ta ƙarshe da ta ba su cikakken lasisi.

16/ Ɗaya daga cikin 'yan farkon nan shi ne Ronald Blanck. Ya gama makarantar ostiyofati ta Filadelfiya a 1967, ya yi likitan bataliya a Biyetnam. A 1996 ya zama babban likitan rundunar sojan ƙasa baki ɗaya, da muƙamin Laftanar Janar. Shekara 30 kacal bayan buɗe ƙofar.

17/ To batun biyan kuɗin makaranta fa? Tun 1950 tilas ake ɗibar likitoci zuwa soja. Da aka zo daina ɗibar tilas a 1973, dole a nemo wata dabara. Dokar 1972 ta kafa abu biyu: jami'ar likitancin soja a Bethesda, da shirin tallafin karatu da ake kira HPSP. DO na ciki.

18/ Ga yadda cinikin yake. Soja zai biya kuɗin makaranta duka da na littattafai, ya ba ka alawus na fiye da dala 2,000 a wata, ya maƙala maka ƙaramin muƙamin hafsa. Kai kuma kowace shekarar tallafi za ka rama ta da shekara ɗaya ta aiki cikin kaki. Sharaɗi: sai ɗan ƙasar Amurka.

19/ Yanzu mu dawo kan ɗalibinmu. A ce Kirksville ta ɗauke shi, garin da mutanensa ba su kai 20,000 ba. Filadelfiya ma, wadda aka kafa a 1899, ta ɗauke shi. Ɗalibin da zai ci bashi kuɗin makaranta zai fara dubawa. Shi na soja wannan lissafin bai shafe shi ba.

20/ Abin da ya shafe shi: alawus ɗin ɗaya ne ko'ina kake. Kuɗin da zai ishe ka haya da cefane a ƙaramin gari, a babban birni sai ka yi ta ƙulle-ƙulle. Saboda haka tsadar gari ta fi tsadar makaranta muhimmanci a wurinsa.

21/ Na biyu, ina za a tura shi koyon aiki a shekara ta uku da ta huɗu? Wasu makarantun DO ba su da babban asibitin koyarwa nasu, sai su rarraba ɗalibai jihohi daban-daban. Dole ya tambaya: asibiti nawa, wa ke zaɓa, sau nawa zan ɗaure kaya?

22/ Na uku, soja na da nasa tsarin raba guraben horon ƙwarewa, sakamakonsa a Disamba yake fita, na farar hula sai Maris. Ɗalibi kan yi amfani da kwana 45 na aikin soja da ke kansa kowace shekara ya je ya nuna kansa a asibitoci irin su Walter Reed ko Brooke a San Antonio. Makarantar da jadawalinta bai ba shi wannan sararin da wuri ba ta cuce shi.

23/ Na huɗu, jarrabawa. DO na rubuta COMLEX, da yawa kuma suna ƙarawa da USMLE ta MD, ga kimanin awa 200 na koyon gyaran jiki da hannu, gadon Still. Sai ya duba yadda ɗaliban kowace makaranta ke cin jarrabawar.

24/ Akwai kuma abin da ba makarantar da za ta iya yi masa: buƙatar runduna ce gaba da son ransa. Yana son tiyatar ƙashi, ana iya tura shi likitan jirgin ruwa ko na bataliya tukuna. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

25/ Ku dubi inda aka kwana. Sean Conley, likitan Trump daga 2018 zuwa 2021, DO ne na sojan ruwa, ɗan makarantar Filadelfiya. Kevin O'Connor, likitan Biden, DO ne, tsohon kanar ɗin sojan ƙasa. Sean Barbabella da ya karɓi aikin a 2025 DO ne na sojan ruwa, a Kirksville ya yi karatu.

26/ Wato garin mai ɗori na 1892 ne ya yaye likitan shugaban ƙasa, ta hanyar rundunar da ta taɓa ƙin su. Ku fa, in ku ne: bashin kuɗi za ku ɗauka, ko bashin shekaru huɗu cikin kaki? Ina jiran amsoshinku a ƙasa.