Sunan da ke jikin jirgin yaƙi: kyauta ce, taimako ne, ko haraji?

Duk wanda ya duba hotunan jiragen yaƙi na farko zai ga alamomi iri uku a jikinsu. Akwai tambarin ƙasa, kamar da'irar shuɗi, fari da ja da Faransa ta fara sawa a 1912. Akwai lambar da soji ke gane jirgi da ita. Sannan a wasu jiragen akwai suna da aka rubuta da fenti a gefe: sunan gari, ko na attajiri, ko na ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Wannan na uku ba ado ba ne irin wanda matuƙa ke zanawa don nishaɗi, shaida ce ta wanda ya biya kuɗin jirgin. Kowace daula kuwa da kalmar da ta zaɓa ta kira wannan biya, kuma kalmar na nuna abin da take son jama'a su ɗauka.

Abin ya samo asali ne tun kafin Yaƙin Duniya na Farko. A 1911 Italiya ta yi amfani da jirgin sama a yaƙin Libiya, sai hankalin sauran ƙasashe ya tashi. A 1912 Faransa ta buɗe asusun da ta kira "souscription nationale", wato karo-karo na ƙasa baki ɗaya. Jamus ta yi nata a shekarar, da sunan "Nationalflugspende", baiko domin jiragen ƙasa. Daular Usmaniyya, wadda ita ce ta sha kashi a Libiya, ta ce "iane", kalmar da ta fito daga Larabci mai nufin taimako. Ɗaya daga cikin jiragenta ma sunansa "Muavenet-i Milliye", taimakon al'umma. A cikinsa ne matuƙi Fethi Bey ya rasu kusa da tafkin Tabariyya a Fabrairun 1914, a hanyarsa daga Istanbul zuwa Alƙahira. Japan ta bi sahu a 1932: jiragen gudummawa na sojan ƙasa "Aikoku", son ƙasa, na sojan ruwa kuma "Hōkoku", yi wa ƙasa hidima, kowanne da lambarsa.

Ingila ce ta fi kowa faɗaɗa abin, ta kira su "presentation aircraft", jiragen da aka miƙa kyauta. Daga 1915 aka yanka farashi: fam 1,500 na sa a rubuta sunanka a jikin jirgi ƙirar BE2c. Sunaye suka riƙa zuwa daga Malaya, Zanzibar, da Gold Coast, Gana ta yau. Nizam na Haidarabad a Indiya ya biya kuɗin jiragen rundunar sama guda sukutum a yaƙin, aka sa wa runduna ta 110 sunan masarautarsa. A 1940 aka farfaɗo da tsarin, Spitfire ɗaya a kan fam 5,000. Kuɗin da aka tara a Najeriya ya sa runduna ta 91 ta ɗauki sunan Najeriya. Runduna ta 218 kuwa ta ɗauki sunan Gold Coast.

To amma mai bayarwa ba jirgi yake saya ba. Kuɗin baitulmali suke shiga, sai a ɗauki wani jirgi da ya fito daga masana'anta a rubuta masa sunan. A yaƙin farko, idan jirgin ya faɗi, sau da yawa sai a mayar da sunan jikin wani sabo. Shi ya sa za a iya ganin suna ɗaya a kan jirage masu lamba daban-daban, abin da ke rikitar da mai nazarin tsofaffin hotuna.

Babbar tambaya ita ce ta kalmar "kyauta". Ɗan kasuwar Landan da ya ba da fam goma ya yi ne da son ransa. Manomin da ke ƙarƙashin Bature fa? Inda aka tara kuɗi ta hannun sarki da hakimi da mai gari, da wuya talaka ya ce a'a. Tsofaffinmu a Maradi da Damagaram da Tawa sun san yadda buƙatar kwamanda ke saukowa ƙauye a zamanin aikin tilas. Babu shakka akwai waɗanda suka bayar da zuciya ɗaya, amma fentin da ke jikin jirgi bai bambanta su da waɗanda aka karɓa a hannunsu ba.

Saboda haka idan za mu raɗa wa wannan rubutu suna da Hausa, "sunan mai kyauta" ya yi wa masu mulki sassauci. "Sunan wanda ya biya" ya fi dacewa, domin ya ƙunshi Nizam mai dukiya, ya kuma ƙunshi manomin da aka karɓi sulensa ba tare da an tambaye shi ba.